Taga Nawa Ce a Gidanmu?

Muna tsakiyar ruwa, iska tana neman tsige mini hula, ɗan yayata ya juyo ya ce, "Kawu, taga nawa ce a gidan Kaka na Zariya?"

Na ce wannan kuma wace irin tambaya ce, gidan da aka binne cibiyata? Na shiga lissafi da yatsu. Turakar Baba biyu, ɗakin Inna ɗaya, shagon samari ɗaya. Ina isowa ɗakin da ke jikin rijiya sai na yi turus, domin na rasa ko taga ce a can saman bango ko kuwa 'yar kafa ce da aka bari don hayaƙi. Na ce bakwai. Na sake cewa a'a, takwas.

"To daga bakin zaure zuwa rijiya taku nawa ne? Rumbu gabas yake da madafa ko yamma? Gida na uku a hannun dama, 'ya'yan maigidan nawa, kuma wa ke bin wa?"

"Kai yaro, aikin ƙidaya aka ɗauke ka?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, da a ce a 1920 muke, kai kuma Basine ne, wato mutumin ƙasar Sin, da ka faɗi ke nan. Sai dai a nema maka jirgin komawa."

Bikin kammala karatunsa ne ya kai ni Kalifoniya. Ciwon gwiwa ya hana mahaifiyarsa doguwar tafiya, sai ta ce ni in je in tsaya mata. An gama biki, saura kwana uku in dawo, ni kuwa abin da ke raina bai wuce in ɗauki hoto a gadar Golden Gate in faɗa kantuna in haɗa tsaraba ba. Shi ya nace sai mun fara zuwa wani tsibiri. Muka yi sammako daga Berkeley a motar abokinsa, muka haye gadar Richmond zuwa wani ɗan gari mai suna Tiburon, daga nan muka shiga jirgin fito. Tafiyar ba ta kai minti 20 ba. Watan Mayu ne, amma sanyin da ke tasowa daga tekun ya fi na hunturun Zariya shiga ƙashi. Duk wanda ya ce maka kullum rana ake yi a Kalifoniya, bai zo wajen San Faransisko ba.

Sunan wurin tsibirin Angel. Wani matuƙin jirgin ruwan Sifaniya, Juan Manuel de Ayala, shi ya raɗa masa suna a 1775, wai tsibirin mala'iku. Yau wurin shaƙatawa ne. Waɗanda muka sauka tare da su kowa ya kama gabansa, masu keke suka hau keke, masu yara suka baza tabarmi a kan ciyawa. Mu kuwa muka kama wata matakala mai taka fiye da ɗari, wadda ta tuna mini cewa shekaru sun ja, muka hau kan titi muka bi ta cikin bishiyoyin turare sama da mil guda, sannan hanya ta gangara da mu zuwa wani lungun ruwa. A nan ne gwamnatin Amurka ta buɗe tashar tantance baƙi a watan Janairun 1910, ta kuma yi aiki da ita shekara 30, har gobara ta cinye ginin ofisoshin a 1940. Ginin da ya ƙone yanzu sai alamar harsashinsa. Amma ɗakin kwanan da ake tsare mutane yana nan a kan tudu, bene ne na katako, tagoginsa da raga.

Wata dattijuwa Basiniya ce ta zagaya da mu, daga cikin masu aikin sa-kai. Ta ce mahaifinta ya kwana a ginin yana saurayi, kuma har ya rasu bai taɓa ba su labarin da bakinsa ba. Ta shigar da mu wani dogon ɗaki da aka jera wa gadajen ƙarfe hawa uku-uku, tsakanin gado da gado da ƙyar mutum zai wuce a karkace. An rataye riguna da tawul a jikinsu, an ajiye akwatuna, kamar masu su sun fita tsakar gida ne yanzu za su dawo. Na dubi bango ban ga komai ba sai tsohon fenti da ya ɓaɓɓare. Sai ta ciro 'yar tocila, ta manna ta a jikin katakon ta haska a kaikaice. Nan take rubutu ya taso. Layi-layi daga sama zuwa ƙasa, haruffan Sinanci da aka sassaƙa da wuƙa, wasu da kyan hannu kamar na gwanin mai rubuta allon zayyana. Ta matsar da hasken, wani ya ƙara fitowa a ƙarƙashin wancan. Ashe duk ɗakin a rubuce yake.

Waƙoƙi ne, sama da 200. Da farko da tawada suke rubutawa, ma'aikata suka ce ɓata bango ne suka shafe da fenti. Sai suka koma sassaƙawa. Aka cike sassaƙar da irin ƙullin nan da kafintoci ke toshe tsagar katako da shi, aka sake fenti. Da shekaru suka tura, ƙullin ya bushe ya motse, siffar haruffan ta sake bayyana, kuma shi ya kare katakon daga lalacewa. Wanda ya zo shafewa shi ya adana. A 1970 an riga an yanke shawarar rushe ginin, sai wani ma'aikacin gandun mai suna Alexander Weiss ya lura da rubutun ya kai magana wajen malaminsa na jami'a, daga nan al'ummar Asiyawan yankin suka tashi tsaye har aka fasa rushewar.

Na tambaye ta me waƙoƙin ke cewa. Ta ce kewar gida, da bashin da aka ciwo don kuɗin jirgi, da kunyar komawa hannu rabbana, da fushi. "Ginin katako" suke kiran wurin. Wani ya kwatanta kansa da Su Wu, jakadan zamanin da wanda maƙiya suka riƙe shekara 19 yana kiwon tumaki. Wani ya rarrashi kansa da cewa ai Napoleon ma an taɓa tsare shi a tsibiri. Galibinsu ba su sa suna ba, sai dai mutum ya rubuta gundumar da ya fito.

Kafin ƙasa ta kai ga gina irin wannan ɗaki, an yi shekara 60 ana zuwa. A kan wani benci a waje, muna shan shayi daga fulas, yaron ya warware mini.

A Janairun 1848 aka ga zinariya a kogin da ke wajen injin yankan katakon Sutter. Labari ya tsallaka teku har lardin Guangdong a kudancin Sin, inda yaƙi da haraji da yunwa suka taru suka yi wa manoma katutu. Suka sa wa Kalifoniya suna Dutsen Zinariya. A 1852 kaɗai kimanin mutum 20,000 suka sauka, kusan dukkansu maza, 'yan ci-rani da niyyar su tara su koma. A wannan shekarar jihar ta ɗora wa baƙin mahaƙa harajin dala 3 kowane wata, kuma kowa ya san wa ake nufi. Bayan shekara biyu aka yi abin da ya fi harajin muni. Wani Bature, George Hall, ya kashe wani mahaƙi mai suna Ling Sing, aka same shi da laifi bisa shaidar Sinawa. Kotun ƙolin jihar ta rushe hukuncin a 1854, ta ce dokar da ta hana baƙar fata da 'yan asalin ƙasar ba da shaida a kan farar fata ta haɗa har da Sinawa. Ma'ana, ka kashe Basine a gaban 'yan'uwansa goma, a idon shari'a babu wanda ya gani.

Sai maganar layin dogo. Leland Stanford, wanda daga baya ya kafa jami'ar nan mai suna Stanford, a jawabinsa na kama mulkin gwamna a 1862 ya kira Sinawa ƙasƙantaccen jinsi, ya ce a hana su zama. Bayan shekara uku kamfaninsa na Central Pacific ya rasa leburorin da za su fasa masa duwatsun Sierra Nevada, sai ga shi yana ɗaukarsu dubbai. Suka zama kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na ma'aikatansa. Su suka huda ramuka 15 a cikin dutse da guduma da albarushi, wata rana a wuni a kwana ba a ci fiye da ƙafa ɗaya ba, ga dusar ƙanƙara tana zubowa daga kan tsauni tana binne bukkoki da mutanen ciki. Albashinsu bai kai na Turawa ba, kuma Bature kamfani ke ciyar da shi, su kuwa daga aljihunsu. A Yunin 1867 suka shiga yajin aiki. Charles Crocker, mai kula da aikin, bai tsaya jayayya ba, hanyar kawo musu abinci kawai ya datse. Mako guda suka koma bakin aiki.

Ya ciro waya ya nuna mini hoton da aka ɗauka a Promontory, jihar Utah, ran 10 ga Mayun 1869, ranar da layin gabas da na yamma suka haɗe. Kawunan jirgi biyu sun fuskanci juna, mutane sun ɗare a kansu da kwalabe a hannu, manya na musabaha a tsakiya. Na buɗa hoton da yatsu na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar ka nuna Basine guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aiki ya ƙare, tattalin arziki ya karye a 1873, sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Tun kafin nan ma, a Oktoban 1871, gungun mutane sun afka wa unguwar Sinawa a Los Angeles sun kashe aƙalla 18, yawancinsu ta hanyar rataya. A San Faransisko kuwa da dokokin gari aka bi su. An hana ɗaukar kaya a sanda a kafaɗa a gefen titi, irin yadda 'yan ga-ruwanmu ke ɗaukar garwa biyu, don su ne ke tallar kayan lambu da kai wanki haka. An yi dokar aske duk wanda ya shiga kurkuku, don an san jelar gashin da suke kitsawa a ƙeya ita ce mutuncinsu, kuma sarautar Qing da ke mulkin Sin a lokacin ta wajabta musu ita. Dokar Page ta 1875 ta toshe wa mata hanya da sunan yaƙi da karuwanci, aka bar unguwa cike da gwagware. Ran 6 ga Mayun 1882 shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar da ta hana leburorin Sin shigowa, ta kuma hana duk Basine zama ɗan ƙasa. Ƙidayar 1880 ta nuna Sinawa kimanin 105,000 ne a cikin mutum miliyan 50. Waɗannan ne aka ce za su cinye ƙasar. Dokar ba ta kwantar da hankalin kowa ba, sai ma ta zama kamar lasisi: a Rock Springs ta jihar Wyoming an kashe mahaƙan kwal aƙalla 28 a Satumban 1885, bayan wata biyu a Tacoma magajin gari da kansa yana cikin waɗanda suka tasa ƙeyar Sinawa zuwa tashar jirgi cikin ruwan sama.

Lokacin azahar ya yi, na shimfiɗa rigar sanyina a kan ciyawa na fuskanci inda na ɗauka gabas ne. Yaron ya kamo kafaɗata ya juya ni. A can alƙibla kusan arewa take. Na yi sallata ina tunanin mutumin da aka jijjiga mako uku a cikin jirgi daga Hong Kong, aka sauke shi a inda bai san gabas ba bai san yamma ba, sannan aka zaunar da shi ana tambayarsa ina ƙofar gidansu ta kalla.

Dalilin tambayoyin shi ne dokar ta bar 'yan ƙofofi: 'yan kasuwa, ɗalibai, malamai, jami'an gwamnati, masu yawon buɗe ido, da kuma 'ya'yan wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa. Sai girgizar ƙasar 18 ga Afrilun 1906 da gobarar da ta biyo bayanta suka cinye takardun haihuwa na birnin. Bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Mutum sai ya ce ai shi a nan aka haife shi, takardarsa ta ƙone, wa zai ƙaryata? In ya je gida ya dawo sai ya rubuta cewa an haifa masa ɗa namiji, ko an haifa ko ba a haifa ba. Bayan shekaru sai ya sayar da gurbin ga wani yaro, yaron ya ɗauki sunansa ya zo a matsayin ɗansa. Su ake kira 'ya'yan takarda. Ana haɗa wa yaro da wani kundi mai ɗauke da taswirar ƙauyen da bai taɓa takawa ba, da sunayen kakannin da ba nasa ba, ya yi ta hadda a cikin jirgi kamar mai shirin musabaƙa, in an kusa gaɓa ya jefa kundin a teku.

Jami'ai sun san ana yi, don haka suka ɗauki kowane Basine a maƙaryaci har sai ya wanke kansa. Bayan gwajin asibiti, inda ake tuɓe mutum a duba idonsa don amodari, a sa shi ya kawo bayan gida a nemi tsutsar ciki, sai a jira kira. A zaunar da yaro gaban jami'ai da tafinta da mai buga tafireta, a yi ta jero masa tambayoyi, wani lokaci ɗaruruwa, kwana biyu ko uku. Matakala nawa ce a ƙofar gida, ina ake ajiye tulun shinkafa, wa ke kwana a wane ɗaki, akwai kare a gidan ko babu. A kira uban daban a yi masa irinsu, a gwada amsoshin. Dattijuwar ta ce masu dafa abinci na tashar, waɗanda su ma Sinawa ne, sukan shigo da 'yan takardun gyara daga dangi a ɓoye cikin lemo ko ɓawon gyaɗa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda tarkon ya fi kamawa. Ɗan takarda ya haddace amsarsa, ubansa na takarda ya haddace irinta, sun dace. Ɗan halak kuwa da ya dogara da abin da idonsa ya gani, uban da ya bar gida shekara 15 yana tuna gidan kafin a ƙara ɗaki, su ne za su saɓa. Har ta kai 'ya'yan gaskiya ma sai an rubuta musu kundi sun haddace gidan ubansu. Sinawa kimanin 175,000 suka bi ta wannan tasha. Mafi yawa sun yi makonni, wasu watanni, wata mata mai suna Quok Shee ta yi kusan kwana 600. A tsibirin Ellis na New York, inda Turawa ke sauka, yawancin mutane cikin 'yan sa'o'i suke wucewa, kuma kimanin kashi 2 cikin ɗari kawai ake mayarwa.

Ba Sinawa kaɗai suka bar hannu a bangon ba, akwai rubutun Japananci da Rashanci da Punjabi. Da aka rufe wa Sinawa ƙofa, masu gonaki suka koma ɗaukar Japanawa, da su ma suka fara kama ƙasa suna noma na kansu sai aka juyo kansu. Yarjejeniyar 1907 ta tsayar da leburorinsu, dokar Kalifoniya ta 1913 ta hana su mallakar gona, har suka koma saye da sunan 'ya'yansu da aka haifa a can. Matansu da yawa a wannan tsibiri suka fara ganin mazajensu ido da ido, bayan an ɗaura aure da hoto.

Labarin Indiyawa shi ya fi ba ni mamaki, saboda yadda alƙalai suka yi amai suka lashe. A Nuwamban 1922 kotun ƙoli ta ce wa wani Bajapane, Takao Ozawa, ba zai zama ɗan ƙasa ba, domin "fari" da doka ta yarje wa zama ɗan ƙasa na nufin jinsin Kokeshiya. Sai Bhagat Singh Thind, mabiyin addinin Sikh daga Punjab wanda ya yi wa Amurka aikin soja a yaƙin duniya na ɗaya, ya ce to madalla, masanan zamanin sun sa mutanen arewacin Indiya a wannan jinsi. Bayan wata uku, alƙalin da ya rubuta hukuncin Ozawa, George Sutherland, ya rubuta cewa a bar maganar masana, fari shi ne wanda mutumin kan titi ya sani da fari. Aka bi waɗanda aka riga aka ba takardar zama ɗan ƙasa ana ƙwacewa. Cikinsu akwai Vaishno Das Bagai, ɗan kasuwa daga Peshawar, wanda ya sauka a wannan tsibiri a 1915 da matarsa Kala da 'ya'yansu uku. Sun taɓa sayen gida a Berkeley, ranar tarewa maƙwabta suka hana su shiga. Da aka ƙwace takardarsa ya rasa dukiyarsa, a 1928 ya kashe kansa a San Jose. Yaron ya ce, "Kawu, titin da muka ci abinci shekaranjiya, ka tuna allon? Sunan matar ne a jiki." Na tuna titin, ban kula da allon ba.

Washegari muka shiga unguwar Sinawa ta San Faransisko. Agwagi gasassu rataye a tagogin shaguna, ƙamshi kamar ya ja ka ciki, amma ganin abin da ke rataye kusa da su ya sa na tsaya a kan shayi da lemo. A dandalin Portsmouth tsofaffi sun yi da'ira-da'ira a kan kwalaye suna karta da darar Sin, ana musu da ƙarfi, kai ka ce wata majalisa ce a bakin kasuwar Sabon Gari. Daga nan muka taka zuwa titin Sacramento, muka tsaya daidai lamba 751. A nan aka haifi Wong Kim Ark, mai dafa abinci. Ya je ganin gida ya dawo a 1895 aka hana shi sauka, aka ce shi ba ɗan ƙasa ba ne, ya yi watanni ana sauya masa jirgi a cikin ruwan da yake hango garin haihuwarsa. Ya kai ƙara, kuma a 1898 kotun ƙoli, alƙalai 6 a kan 2, ta ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, bisa gyaran tsarin mulki na 14 da aka yi a 1868 domin 'yantattun bayi. Duk da haka, da babban ɗansa ya iso tsibirin Angel a 1910, mayar da shi aka yi. An ce amsoshinsa sun saɓa da na ubansa.

Wannan ɗabi'a tasu ta zuwa kotu ta burge ni. Mutanen da ba su da ƙuri'a, sai suka haɗa kuɗi ta ƙungiyoyinsu suka ɗauki manyan lauyoyi. Birnin ya yi doka cewa ba a wanki da guga a ginin katako sai da izini, alhali kusan duk shagunan wankin garin na katako ne. Sinawa kimanin 200 suka nema aka hana su, waɗanda ba Sinawa ba kuwa aka ba kowa in ban da mutum ɗaya. Mai shagon Yick Wo, wanda ya yi shekara 22 yana sana'ar, ya ci gaba da wankinsa, aka ci shi tarar dala 10, ya ƙi biya, aka ɗaure shi. A 1886 kotun ƙoli baki ɗaya ta ce doka ko da rubutunta ya yi kyau, in an aiwatar da ita da son kai, ta saɓa wa tsarin mulki. Har yau lauyoyi na kafa hujja da shari'ar mai wankin nan.

A gefen dandalin na ga allo an rubuta titin Kearny, na ce a'a, har titi aka ba mutumin? Domin jiya na ji labarin Denis Kearney, ɗan Ailan, shi kansa baƙo, wanda tun daga 1877 yake tara marasa aiki a wani fili kusa da zauren birni, kowane jawabi ya rufe shi da cewa dole Sinawa su tafi. Yaron ya ce ba shi ba ne, wannan wani janar ne na soja, rubutun sunan ma ya bambanta da harafi ɗaya. Na ce to da sauƙi.

Amma taken nasa ya ƙi barin kunnena, don na san ɗan'uwansa. Yana nan a ɗakin da na sauka, na cika shi da tsaraba: jakar Gana-mas-go. Ina firamare a 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya. Akwai wani tela ɗan Gana da ke yawo unguwarmu da keken ɗinki a ka yana kaɗa almakashi, shi ke yi mana facin wandon makaranta. Rana ɗaya muka daina jin almakashin. Mu yara har waƙa muka riƙa yi. A gidanmu kuwa ba a yi dariya ba, domin ƙanen kakana yana zaune a zaure, mutumin da ya yi shekara 30 yana fataucin goro a zangon Kumasi, har gwamnatin Busia ta ba su kwana 14 a 1969, ya dawo da buhu ɗaya da rediyo.

Ranar tafiyata muka fita da wuri don ya ce akwai wuri ɗaya a hanya. Dab da filin jirgin sama, a San Bruno, muka sauka a tashar jirgin ƙasa. A bakinta akwai mutum-mutumin 'yan mata biyu ƙanana, an rataya musu lamba a jikin riga kamar kaya. Filin sukuwar Tanforan ne a da. Bayan shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066 a Fabrairun 1942, an kwashe Japanawa kimanin 120,000 daga gaɓar yamma, kashi biyu cikin uku haifaffun ƙasar, irin waɗanda shari'ar Wong Kim Ark ta ce 'yan ƙasa ne. Kusan 8,000 a nan aka fara zube su, iyalai da yawa a cikin bargar dawakai da aka shafa wa farar ƙasa a gurguje. Shekarar da ta biyo baya aka soke dokar hana Sinawa, don Sin ta zama abokiyar yaƙi, aka ba su gurbin mutum 105 a shekara.

Muna zaune muna jiran a kira jirgi, na ce ya kira mini mahaifiyarsa. Bayan gaisuwa da ya gwiwa, na ce, "Yaya, don Allah taga nawa ce a gidanmu?"

Ta ce, "Lafiyarka kuwa? Shida mana."

Na ce takwas dai, na fara jero mata. Ta katse ni ta ce ta shagon samari ai bayan an yi mata aure aka fasa ta, ita ba ta san da ita a lissafi ba. Na ce to ta ɗakin jikin rijiya fa?

"Wane ɗaki ne a jikin rijiya? Ai rumbu ne a wurin."

"Yaya, rumbu yana bayan madafa."

"Kai dai ka dawo lafiya," in ji ta. "Kuma kada ka manta mini da man zafin nan."